Taɓarya da moto: a fara koyon sauka kafin a koyi tashi

Wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram ya ga doki ya yi taɓarya, mahayinsa zaune daram ko gezau. Abin da ke riƙe shi a kan sirdi shi ne ya san lokacin da zai sassauta linzami doki ya sauko. Samarin da ke koyon ɗaga ƙafar gaban moto a Zango da Karkada da Garin Malam sun ɗauko taɓaryar, amma linzamin sun bar shi gida. Idan sabon mahayi ya ce gabansa na faɗuwa duk sa'ad da tayar gaba ta bar ƙasa, abin da abokan fada ke ce masa shi ne ya cire tsoro ya murɗa kawai. Wannan shawara ta kai yara da yawa hannun maɗori.

Tsoron nan yana da hujja. Moto mai injin 125 ko 150 nauyinsa ya haura kilo 100. In gaba ya tashi, akwai wani tsayi da nauyin mutum da na moto ke daidaita a kan tayar baya. Ƙasa da nan, moto yana son komawa ƙasa da kansa. Da an ɗara shi kaɗan, sai ya kife ta baya, mahayi ya faɗi da ƙeya da ƙugu, wani lokaci moton ya biyo shi ya danne. Abin da ya fi muni shi ne yadda firgici ke aiki a wannan daƙiƙa: jiki ya zame baya, mutum ya rataye da kan moto don kada ya faɗi, tsintsiyar hannun dama kuma ta ƙara murɗa wuta ba tare da ya sani ba. Wato hannun da ya kamata ya cece shi, shi ke ƙarasa shi.

Linzamin moto birkin baya ne. Da an taka shi, tayar baya ta rage gudu, gangar moto kuwa tana son wucewa gaba, sai kai ya sunkuyo. Sakin wuta ma yana saukar da gaba, amma bai kai birki sauri ba. Don haka aikin mai koyo duka ya taru a ƙafar dama: ta saba da taka birki kafin kai ya gama tunani. Ranar da ƙafa ta iya wannan, tsoro zai ragu da kansa.

A ganina sabon mahayi bai da abin yi da taɓarya sai ya ci jarrabawa biyu. Ya iya tsayawa cak daga gudun kilomita 30 a awa ba tare da taya ta ja ƙasa ba, ya kuma iya zagaya duwatsu biyu masu tazarar taku shida ko bakwai, dama da hagu, bai sa ƙafa ƙasa ba. Wanda bai kai nan ba ya ari keken ƙanensa ya koyi ɗaga gaba da sauke shi da birkin baya. Ilimin ɗaya ne, sai dai faɗuwar keke ba ta kai ta moto tsada ba.

Kafin a hau, a duba moton. Abin taka birki ya yi wasan santimita 2 zuwa 3 kafin ya kama. In ya nutse fiye da haka, a ɗaure goron da ke ƙarshen sandar birki, in kuma fatun ciki sun cinye a canza su. Sarƙa ma ta yi wasan santimita 2 zuwa 3 a tsakiyarta, domin sakakkiya tana fizga, wadda aka ɗaure tamau kuma tana iya tsinkewa. Hannun kuloci, wanda makanikan garin nan ke kira ambireyaj, ya sami ɗan wasa kamar santimita 1 zuwa 2. A bubbuga wayoyin ƙafar baya a ji ko akwai wadda ta saki. Sannan kaske, wato hular kwano, mai rufe haɓa, a ɗaure igiyarsa, da takalmi mai rufe idon sawu, da safar hannu. Silifa tana zamewa daga kan birki daidai lokacin da ake bukatarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sa hular kwano yadda ya kamata na rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da abin da zai iya kai kashi 74 cikin 100, kuma a wannan wasa kai ne ke fara isa ƙasa.

Filin ma abin lura ne, musamman a garin da rairayi ya yi yawa kamar namu. A cikin rairayi taya na juyawa a banza, mai koyo ya ƙara wuta, sai ta ci karo da ƙasa mai tauri ta kama farat ɗaya. Kwalta da iskar hunturu ta shimfiɗa wa yashi ita ma haka take. Fili mai tauri ake so, shimfiɗaɗɗe, tsawon kamar mita 100, ba yara ba dabbobi, da mutum ɗaya a tsaye wanda zai kawo ɗauki. Ya ajiye wayarsa a aljihu, don kamara tana sa yaro ya yi abin da bai shirya ba.

Ɗagawar kanta ba ta da wani sirri. Giya ta ɗaya, gudun kilomita 10 zuwa 15, a ja zama baya kaɗan, gwiwoyi su matse tanki, ido can gaba nesa, ƙafa kan birki. A ja kuloci da yatsu biyu, a ba da wuta kaɗan, a saki kuloci da sauri. Burin kwanakin farko taki ɗaya ne daga ƙasa, sannan a taka birki nan take, ko da ba a ji alamar haɗari ba. A maimaita har ya zama ɗabi'a. In za a ƙara tsayi, wuta kawai za a ƙara, kaɗan-kaɗan, kada a haɗa da fizgar kan moto. Minti 15 ko 20 sun isa zama ɗaya, saboda hannu na gajiya, farantan kuloci kuma na zafi. In moto ya fara ihu ba ya ja, sun fara zamewa ke nan.

Wajen sauka, kan moto ya kasance a miƙe, a ɗan ba da wuta don gaba ya sauka a hankali, kuma hannu ya nisanci birkin gaba, don tayar da ta dira a kulle zamewa take yi. Saukar da ake buga ƙasa da ƙarfi ita ke fasa robar shokozoba mai ya tsiyayo, ta ɓata boris ɗin wuya, ta lanƙwasa da'irar ƙafa. In aka daɗe a sama, baƙin mai yana taruwa a bayan inji, famfo ya ja iska. Ɗan kabu-kabun da ke kai wa mai moto kuɗi kowace yamma ya yi wannan lissafi da kyau kafin ya gwada da dukiyar wani.

Dattawa da dama za su ce bai ma kamata a yi wannan bayani ba, a hana wasan baki ɗaya. Suna da gaskiyarsu, don sun ga abin da ake yi a rakiyar amarya, yaro ya ɗaga gaba a tsakiyar jama'a da goyon mutum biyu, sun kuma san wasu na haɗiyar tramol don kashe tsoro, ƙwayar da ke kashe saurin ƙafar da ake dogara da ita. A kan titi, kama mai yin haka daidai ne. Amma an daɗe ana faɗa, samari ba su daina ba, sai dai su koma inda ba mai gani. Da ma'aikatar magajin gari za ta ware fili ɗaya a bayan gari, ƙungiyoyin ƴan moto su sa ido, a ce ba mai shiga sai da kaske, ba goyo, makaniki ya taka birkin kowa a bakin shiga, da ƴan sanda ma sun sami inda za su tura yaron da suka kama ya ɗaga gaba a gaban kasuwa.