Ba ɗan koyo kaɗai babur ke kayarwa ba

Ka tambayi wanda ya taɓa faɗuwa da babur yadda abin ya faru, sau da yawa amsa ɗaya za ka ji: "Wallahi ban ankara ba, sai ganina kawai na yi a ƙasa." Jama'a kan ɗauki wannan magana a matsayin shaidar cewa abin ya fi ƙarfinsa. Ni kuwa amsa laifi nake ji a cikinta. Ramin da ya afka bai haƙa kansa a wannan daƙiƙar ba, motar da ta ɓullo daga lungu kuma ba daga sama ta faɗo ba. Duk suna nan, idonsa ma a buɗe yake. Hankalinsa ne ya tafi yawo, ya bar gangar jiki riƙe da kan babur.

Bari mu ɗan yi lissafi, don a wannan batu lissafi ya fi wa'azi ratsa jiki. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cinye kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. In ya sunkuyar da kai na daƙiƙa uku kacal don ya ga wa ke kiransa, ya yi tafiyar mita 50 ke nan a makance, kusan rabin filin ƙwallo. Da za a ce masa ya rufe ido ya ratsa rabin filin ƙwallo a guje, cewa zai yi ana neman ransa. Amma shi da kansa yana yin haka sau goma a wuni, ko a jikinsa. Kuma ko ya ɗago ya hango hatsarin, birki ba ya kamawa nan take. Sai ido ya kai wa ƙwaƙwalwa labari, ita ta yanke shawara, sannan hannu ya damƙa, abin da kan ci daƙiƙa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ga wanda aka shammata. Bayan nan ne taya za ta fara nata aikin, kuma in gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke bukata ninkawa huɗu take yi.

Direban mota ma yana irin wannan sakaci, sai dai shi yana da masu ceto: ƙarfe ya kewaye shi, ga bel, ga jakar iska, ga tayoyi huɗu da ke riƙe da motar ko ya yi gyangyaɗi. Mai babur ba shi da ko ɗaya. Abin da ya haɗa shi da kwalta bai wuce ɗan wuri kamar tafin hannu a kowace taya ba, kuma na'urar da yake kai ba ta iya tsayuwa da kanta sai da shi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum kimanin miliyan 1.19 ne ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma sama da ɗaya cikin kowane biyar daga cikinsu masu babur ne ko masu ƙafa uku. A Amurka, inda ake auna abin da tsawon tafiyar da aka yi, yiwuwar mutuwar mai babur ta ninka ta wanda ke cikin mota fiye da sau 20. Hular kwano tana rage ɓarna ƙwarai, ban yarda kowa ya hau ba tare da ita ba. Amma hula aikinta yana farawa ne bayan an faɗi. Abin da ke hana faɗuwar yana cikin kan da hular ta rufe.

Maganar waya ba zan ja ta da tsawo ba, kowa ya san ta. Hukumar Lafiyar ta ce mai amfani da waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi yiwuwar yin hatsari kusan sau huɗu, ta kuma ƙara da abin da mutane ba sa son ji, wato sa iyafis ko buɗe lasifika ba ya rage hatsarin da wani abin kirki. Ba hannu ne kawai wayar ke kamawa ba, tunani take kamawa. Wanda ya cusa waya cikin hular kwano yana cinikin bashi da wani, hannayensa biyu na kan babur, amma shi yana can wurin mai bashin. Wani bincike da aka yi a jami'ar Virginia Tech a 2009 kan direbobin manyan motoci ya nuna mai rubuta saƙo kan ɗauke ido daga hanya na kimanin daƙiƙa 4.6. Ka mayar da wannan kan lissafinmu na ɗazu, mita 77 ke nan. Ba a haɗa gudu da susar katara, magabata sun gama magana tun kafin a ƙera waya.

Abin da ya fi damuna ba wayar ba ce, domin ita a fili take, ana iya kafa mata doka, ɗan sanda na iya ganinta. Wanda ba a gani shi ne sabo. Ɗan koyo yana faɗuwa saboda bai iya ba, amma ka lura da shi: ido a zare, jiki a sandare, ba abin da ke gabansa sai hanya. Bayan shekara biyu ko uku ƙafa ta iya canja giya ba da umarnin kowa ba, hannu ya san inda birki yake, sai ƙwaƙwalwa ta ga ba ta da aiki, ta shiga lissafin kuɗin haya da rigimar da aka yi a gida da safe. Kowane tsohon mahayi ya san wannan yanayi, inda za ka iso inda za ka, ka kasa tuna yadda ka wuce mararraba uku da ke bayanka. Ni kaina na taɓa farkawa daga irin wannan tunani da tayar gabana saura taki ɗaya ta shige ƙarƙashin wata babbar mota da ta tsaya a danja, a hanyar da nake bi kullum. Ba waya a hannuna, ba gudu nake ba, ba wanda ya shiga gabana. Ban nan ne kawai. Sabo turken wawa, kuma a ranar ni ne a turken.

Wannan ba ji na kaɗai ba ne. A 1981 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da Harry Hurt ya jagoranta a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, inda suka bi diddigin hatsarin babur 900 a yankin Los Angeles, suna zuwa wurin da abin ya faru suna aune-aune. Cikin abin da suka gano har da cewa yawancin hatsarin a gajeruwar tafiya yake faruwa, irin ta zuwa sayayya ko ziyarar aboki, kuma jim kaɗan bayan tashi, kusa da inda aka fito. Wato dai a hanyar da mutum ya fi sani, a lokacin da ya fi sakin jiki. Sun kuma gano cewa mai babur ba ya samun ko daƙiƙa biyu cikakku tsakanin ɓullowar hatsari da karo. Wanda hankalinsa ke wani wuri, kafin ya dawo da shi an gama.

Akwai wata hujja mai ƙarfi da masu babur kan kawo, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Sukan ce, me ya sa kullum mu ake yi wa faɗa, alhali masu mota ne ke take mu? Suna da gaskiya. Binciken Hurt ɗin nan ya nuna kusan kashi uku cikin huɗu na hatsarin karo ne da wani abin hawa, kuma a kashi biyu cikin uku na waɗannan, ɗaya direban ne ya shiga hannun mai babur. Mafi yawa a mararraba, mai mota ya karya kwana ya tare hanyar babur da ke tahowa, sannan ya fito yana rantsuwa cewa bai gan shi ba. Abin mamakin shi ne sau da yawa ba ƙarya yake yi ba. A 1999 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Simons da Christopher Chabris, suka sa mutane kallon bidiyon 'yan wasa suna jefa wa juna ƙwallo, aka ce su ƙirga jifan. Ana cikin haka wani sanye da rigar goggon biri ya ratsa tsakiyar filin. Kusan rabin masu kallon ba su gan shi ba sam. Ido na kallo, amma ƙwaƙwalwa abin da take nema kawai take ɗauka. Direban da ya leƙa mararraba mota yake nema, babur kuma siriri ne, sai ya bi ta gabansa kamar goggon birin nan.

To amma ina wannan hujja ta kai mu? A ganina ƙara wa mai babur nauyi ta yi, ba rage masa ba. In ka san da yawa daga cikin waɗanda ke kallonka ba ganinka suke yi ba, ashe kai ne za ka gani a madadinsu. A koya wa direbobi neman babur, a hukunta wanda ya take mutum, a gyara mararrabar da ke cin rayuka, duk ina goyon baya. Sai dai kafin a yi waɗannan, gobe da safe za ka hau. Alƙali na iya ba ka gaskiya, amma gaskiyar ba za ta ɗora maka ƙafa ba.

A nan ne nake ganin ana yi wa kalmar mayar da hankali gurguwar fahimta. Wasu na zaton ƙura wa gaba ido ne. Ƙura ido shi kansa tarko ne, kuma masu koyar da hawa sun daɗe da sanin haka: babur yana bin inda idon mahayinsa ya kafe. Ka ƙura wa rami ido, cikinsa za ka faɗa. Ka shiga kwana da gudu ka tsorata ka zuba wa bakin kwalbati ido, can za ka nufa kamar an ja ka da igiya. Gwani ba ya kallon abin da yake gudu, mafita yake kallo. A kwana yakan juya kai gaba ɗaya zuwa inda hanyar ta miƙe, ba ƙwayar ido kawai ba. A miƙaƙƙiyar hanya kuma idonsa ba ya zama wuri ɗaya: ya hanga nesa, ya dawo kusa ya karanta kwalta ko akwai yashi ko man da ya zube, ya leƙa madubi, ya koma nesa. In ya ga mota tsaye a bakin mararraba, ba fuskar direban yake duba ba, don haɗa ido ba alkawari ba ne. Tayar gaba yake kallo, ita ce ke fara tona asirin motar da za ta motsa. Yatsunsa biyu kuma sun riga sun hau birkin gaba, wanda shi ke ɗauke da mafi yawan aikin tsayawa. Hankalin mai babur aiki ne da ake ta yi ba tsayawa, ba wani yanayi ba ne da ake shiga a zauna.

Aiki kuwa yana gajiyarwa, kuma wannan ne ɓangaren da jarumtaka ke hana mu faɗa. Hankali yana ƙarewa kamar yadda mai ke ƙarewa a tanki, bambancin kawai shi ba shi da allurar da za ta nuna maka. Zafin rana da ƙishirwa suna shan sa, sanyi na shan sa, ƙarar iska a kunne na tsawon awanni na shan sa. Masu bincike a Ostareliya sun nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, kuzarin hankalinsa kan yi daidai da na wanda giya ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa, iyakar da ƙasashe da yawa suka haramta tuƙi da ita. Ga kuma fushi. Wanda aka matse a hanya ya bi motar yana zagi, na tsawon wannan lokaci mota ɗaya tak ce a duniyarsa, sauran duk sun ɓace. Ga na goyo mai surutu, wanda sai an waiwayo an amsa masa. Alamun ƙarewar a bayyane suke ga mai son gani: ka manta sigina a kunne, ka ga mota ta wuce ka ba ka san tana bayanka ba, ka taka birki a makare sau biyu a jere. Duk wanda ya ga haka ya sauka gefe ya sha ruwa ya miƙe ƙafa. Minti goma ne.

Na san za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, kuma ba mai jayayya da ƙaddara. Amma wanda ya zo da raƙumarsa yana tambaya ko ya sake ta ya dogara ga Allah, ce masa aka yi ya ɗaure ta tukuna. Ban ga yadda mai karanta saƙo a kan babur zai ce ya ɗaure tasa ba.

Saura waɗanda ba su da cikakken zaɓi, kuma su ne suka fi ba ni tausayi: masu kai saƙo da masu ɗaukar fasinja ta manhajar waya. An ɗaure musu waya a kan babur, a nan aiki ke shigowa, a nan taswira take, kuma in ba su taɓa allon cikin 'yan daƙiƙu ba aikin ya koma hannun wani. Kamfanin da ya tsara haka ya san sarai mutumin yana tafe ne lokacin da wayar ke ƙara. Wayar da ke iya gaya wa mai jiran kaya cewa saura minti huɗu a iso, ta san gudun da babur ke yi a wannan lokaci. Ba abin da zai hana a tsara ta yadda sabon aiki zai jira har taya ta tsaya, kuma kada a rage wa mahayi maki don ya ƙi amsa kira yana tsakiyar mararraba.