Kofin nan ai ya riga ya fashe

Shekarun baya na raka kawuna jinya Indiya. Wanda ya taɓa jinya a ƙasar mutane ya san yadda kwanakin suke: kuɗi na zurarewa kamar ruwa a kwando, ga kewar gida, ga zaman jiran likita da ba ya ƙarewa. A wurin zaman jiran nan, a Delhi, na saba da wani dattijo ɗan Siri Lanka, mabiyin addinin Buddha, wanda ya kawo matarsa. Ciwonta ya fi na Kawu nisa. Kowa ya sani, shi ma ya sani. Amma kullum da safe sai ka same shi yana taje mata ɗan gashin da ya rage, suna hira suna dariya. Ni kuwa, mai "kullu nafsin" a bakina dare da rana, ko loma ta ƙi wucewa.

Ran nan na kasa daurewa, na ce, "Baba, kai ba ka jin tsoro ne?" Ya ce yana ji mana. Sai dai tun yana yaro ake sa su maimaita wasu abubuwa biyar: zan tsufa, ban fi ƙarfin tsufa ba, zan yi ciwo, zan mutu, duk wanda nake so da duk abin da nake so, sai mun rabu, aikina ne kaɗai nawa, shi zan gada. Ya ce shekara arba'in da aurensu, bai taɓa kwana yana zaton matar nan tasa ce har abada ba, shi ya sa ba su cika kwana da faɗa ba.

Kafin wani ya ce na saki layi: ni Musulmi ne, kuma tsakaninmu da su a aƙida akwai tafiya mai nisa. Mu muna jiran tashin ƙiyama da hisabi, su kuma sun ɗauka ana mutuwa ana sake haihuwa har sai mutum ya kuɓuta daga kewayen. Ba wannan ya kawo ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda suka mai da tuna mutuwa horo na yau da kullum, kamar yadda ɗan dambe ke motsa jiki ko babu wasa.

Addinin nasu ma daga nan ya faro. Siddhartha Gotama, wanda ake kira Buddha, ɗan sarautar da aka haifa a Lumbini ta ƙasar Nepal ta yau, wajen shekara 2,500 da suka wuce, labarinsu ya ce mahaifinsa ya killace shi a fada don kada ya ga wahala. Da ya fita gari sai ya ga tsoho, ya ga majinyaci, ya ga gawa, sannan ya ga wani mai gudun duniya. Yana da shekara 29 ya bar gida. Ya rasu a Kushinagar ta Indiya yana da 80, kuma wasiyyarsa ta ƙarshe a taƙaice ita ce duk abin da aka haɗa sai ya wargaje, saboda haka kada a yi sake.

A harshen Pali, wato harshen tsoffin littattafansu, suna kiran horon tuna mutuwar maranasati. Akwai wani zama da littattafansu suka kawo, a garin Nadika, wanda na karanta ya fi sau goma. Buddha ya tambayi almajiransa yaya kowa yake tuna mutuwa. Na farko ya ce yakan yi fatan ya ƙara kwana ɗaya da wuni don ya yi aiki da koyarwar. Na biyu ya ce wuni guda. Na uku ya ce gwargwadon cin abinci sau ɗaya. Na huɗu ya ce loma huɗu ko biyar. Na biyar ya ce loma ɗaya. Na shida ya ce gwargwadon shaƙar numfashi da fitar da shi. Da ni ne malamin, wallahi tun daga na farko zan ce madalla. Shi kuwa sai ya ce huɗun farkon duk gafalallu ne, biyun ƙarshe ne kawai a farke. Ku duba fa, wanda ya ba kansa tsawon cin tuwo akushi ɗaya an ce ya yi dogon buri. To mu da muke tsara rigimar da za mu yi da wane bayan Babbar Salla, ina za a sa mu?

Akwai kuma na yamma. An ce idan rana ta faɗi, almajiri ya zauna ya lissafa: maciji zai iya sarana, kunama ko shanshani su harbe ni, zan iya tuntuɓe in faɗi, abincin da na ci zai iya ɓata mini ciki. Lissafin talaka ne zalla, babu wata falsafa. Sai tambayar da ita ce zuciyar abin: in na mutu daren nan, akwai wani mugun hali da ban rabu da shi ba? In akwai, ya tashi masa haiƙan, kamar wanda wuta ta kama rigarsa ko gashin kansa. Wanda rigarsa ke cin wuta ba ya cewa bari in gama waya.

A nan na ji kunya. Don duk wannan muna da shi, har ma da ƙari. An umarce mu mu yawaita ambaton mai yanke jin daɗi. Abdullahi ɗan Umar yana cewa in ka kai maraice kada ka jira safiya, in ka wayi gari kada ka jira maraice. "Mutuwa rigar kowa" kuwa har a bayan mota an rubuta. Amma rigar a jikin wani muke ganinta. Mukan tuna mutuwa daga ɗaukar makara zuwa rufe kabari, kafin a kai bakin ƙofar maƙabarta an koma hirar siyasa da farashin buhun masara. A wurin zaman makoki na taɓa ganin 'yan'uwa biyu uwa ɗaya uba ɗaya, kowa a tabarmarsa, ana yi musu gaisuwa daban-daban don ba sa ga-maciji. Ba zan yi nisa da zargi ba, don a lokacin ni ma shekara biyu ban yi magana da yayana ba, a kan wata gona da ba ta kai a kira ta gona ba.

Dattijon ne ya ba ni labarin Kisa Gotami, wata mata a birnin Savatthi da ɗanta ɗaya tilo ya mutu. Ta ƙi yarda. Ta saɓa gawar tana bin gida-gida neman magani, har aka tura ta wurin Buddha. Bai yi mata wa'azi ba, bai ce ta yi haƙuri ba. Ya ce ta samo ƙwayar mastad, ɗan irin nan da ba a rasa shi a kicin ɗin Indiya, amma daga gidan da ba a taɓa mutuwa ba. Kowane gida da ƙwayar, kowane gida kuma da mamacinsa. Kafin yamma ta gane da kanta, ta je ta rabu da gawar. Abin da ya burge ni, maganin bai zo daga bakin malami ba, daga ƙofofin maƙwabta ya zo. Ta fita da baƙin cikinta ita kaɗai, ta dawo ta san na gari duka.

Ba kuma zan ɓoye inda abin ya taɓa ɓaci ba, tunda su ma ba su ɓoye ba. Cikin horonsu akwai zuwa inda ake yar da gawarwaki a yi ta kallon yadda jiki ke kumbura, ya ruɓe, ya koma ƙashi, ƙashin ya zama gari, mataki tara. A garin Vesali wasu almajirai suka zurfafa cikin tunanin ƙazantar jiki lokacin da Buddha ya shiga halwa ta rabin wata, har suka tsani rayuwarsu, da yawa suka halaka kansu. Da ya fito ya ga mutane sun ragu, sai ya koya wa sauran lura da numfashi, abin da ke kwantar da zuciya, aka kuma kafa doka mai tsanani a kan kisa da zuga mutum ya mutu. Wannan ya kamata masu wa'azinmu na tsoratarwa su ji. Wanda ke fama da ciwon damuwa, ba labarin tsutsar kabari yake buƙata da tsakar dare ba, likita yake buƙata da mutane a kusa. Duk tuna mutuwar da ya sa ka ƙi rayuwa ko ka ƙi mutane, an sha maganin ba bisa ƙa'ida ba.

Wanda ya fi daidaita mini zancen shi ne Ajahn Chah, wani malaminsu na daji a lardin Ubon Ratchathani na Tailan, wanda ya rasu a 1992. Almajiransa sun ruwaito yana ɗaga kofin gilashin da yake shan ruwa da shi, ya ce a wurinsa kofin nan ya riga ya fashe. Yana jin daɗin shan ruwa da shi, yana son yadda yake ƙyalli a rana, ranar da iska ko gwiwar hannu ta ture shi kuma ba zai yi mamaki ba. Da farko na ɗauka wannan zai sa mutum ya yi wasa da kofin. Ashe akasin haka ne. Abin da ka san aro ne, shi kake riƙewa da hannu biyu. Na gida, wanda kake ganin yana nan kullum, shi ake bari a tsakar gida kaji su taka. Haka muke yi wa iyaye da matan aure.

Yanzu Turawa sun shigo da abin kasuwa. Akwai manhajar waya mai suna WeCroak da ke aiko maka saƙo sau biyar a rana cewa za ka mutu, masu ita sun ce daga wata magana ta mutanen Bhutan suka ɗauko. Ban raina ba, amma yawancin masu tallar irin wannan sun yanke abu na biyar ɗin dattijo, wato aikinka ne gadonka. In aka cire shi, abin da ya rage shi ne "ci duniyarka da tsinke kafin lokaci ya ƙure", wanda ɗan caca ma ya sani ba sai ya je Tailan ba.

Kawu ya samu sauƙi muka dawo, ya ƙara shekara uku kafin Allah Ya karɓi abinsa, Allah Ya jiƙansa. Matar dattijon kuwa mun baro ta tana numfashi da na'ura, shi yana zaune a gefe da matajin a aljihun riga.

Daren da muka sauka, bayan masu sannu da zuwa sun watse, na zauna na yi lissafin nan na yamma. Maciji, kunama, tuntuɓe, ni na ƙara da hanyar Kaduna. Tambayar ba ta ɗauki minti ɗaya ba, amsar na tsaye tana jirana. Wajen sha ɗaya na dare na kira Yaya. Sai da ta kusa tsinkewa ya ɗauka, muryarsa na rawa.

"Innalillahi. Wa ya rasu?"

Na ce, "Babu kowa, Yaya. Gaishe ka na kira in yi. Ya su Hajiya da yara?"

Ya yi shiru har na zaci katin ne ya ƙare. Can ya ce, "Kun ci abinci kuwa?"