Mazaɓar St Patrick's da hoton da aka rataye a Westminster

Tun daga watan Yulin 2018, lokacin da majalisar dokokin Ailan ta miƙa wa majalisar Birtaniya hoton Constance Markievicz, ake ta maimaita zance guda da ke damuna: wai ita ce mace ta farko da aka zaɓa zuwa majalisar wakilan Birtaniya, don haka nasararta abin alfaharin Westminster ne, wato majalisar Birtaniya da ke Landan. Rabin farko na maganar gaskiya ne, amma rabi na biyu cin fuska ne ga talakawan da suka zaɓe ta, kuma tarihin mazaɓar St Patrick's ta birnin Dublin ya isa shaida.

An kafa mazaɓar a 1885, kuma ta haɗa da tsofaffin unguwannin Liberties, inda iyali guda kan cunkushe a ɗaki ɗaya na gidan haya. Wakilinta na farko shi ne William Martin Murphy, attajiri mai taragun birnin da jaridu. A 1892, bayan rabuwar kan 'yan kishin ƙasar Ailan saboda rikicin jagoransu Charles Stewart Parnell, William Field, mahauci mai goyon bayan Parnell, ya kayar da shi, ya riƙe kujerar shekara 26. Wannan Murphy ne ya jagoranci masu kamfanoni a 1913 suka kulle wa ma'aikata kusan 20,000 ƙofa don su karya ƙungiyar ƙwadago. A waɗancan watanni na yunwa Markievicz, 'yar gidan masu ƙasa daga Sligo, tana Liberty Hall, hedkwatar ƙungiyar ƙwadagon, tana feren dankali tana raba miya ga matan ma'aikata da 'ya'yansu. Mutanen St Patrick's a bakin tukunya suka fara saninta, kuma ba su manta ba.

Sai tawayen Ista na 1916 da aka yi wa mulkin Birtaniya, inda ta ɗauki makami a dandalin St Stephen's Green na Dublin, aka yanke mata hukuncin kisa, aka sassauta saboda ita mace ce. Ranar 14 ga Disamban 1918, da aka kaɗa ƙuri'a, tana tsare a kurkukun Holloway a Landan bisa zargin haɗa baki da Jamus. Duk da haka ta samu ƙuri'a 7,835, Field ya tashi da 3,752. Jam'iyyarta ta Sinn Féin, mai neman 'yancin Ailan, ta gaya wa kowa tun kafin zaɓe cewa wanda ya ci ba zai zauna a Westminster ba. Kowace ƙuri'a daga cikin waɗannan, ashe, umarni ce na a juya wa majalisar baya.

Masu kare hoton kan ce ai dokar Birtaniya ta 1918 ce ta bai wa mata masu shekara 30 ƙuri'a. Haka ne, amma wanda ya buɗe ƙofa ba shi da ikon yin tutiya da wanda ya bi ta cikinta ya fice. Kujeru 73 cikin 105 na Ailan Sinn Féin ta ci, kuma ranar 21 ga Janairun 1919 Dáil, majalisar da wakilan jam'iyyar suka kafa wa Ailan, ta zauna a Dublin, aka kira sunanta, aka amsa cewa tana kulle a hannun baƙi. Da aka sake ta, ta zama ministar ƙwadago a gwamnatin da Landan ta haramta majalisarta. Macen da ta fara zama a Westminster ita ce Nancy Astor, a Disamban 1919, kuma wannan girma nata ne.

Ban ce a sauke hoton ba. Abin da nake so shi ne duk mai kawo labarin ya fara da ƙin zaman, ya kuma ambaci unguwannin da suka aike ta. Mazaɓar kanta ta narke cikin Dublin ta Kudu a zaɓen 1921, sannan Westminster ta shafe ta daga lissafinta a 1922. Markievicz ta rasu a 1927 a ɗakin talakawa na wani asibitin Dublin, kuma dubban mazauna gidajen haya ne suka cika tituna suka raka gawarta zuwa maƙabartar Glasnevin.