Gwajin zuciya da ƙwan kaza ba abin dariya ba ne

Tun makon jiya wani saƙon murya ke yawo a WhatsApp a nan Garwa, wai Turawa sun fara auna ciwon zuciya da kaza, za su cusa mana murar tsuntsaye. A majalisarmu ta bayan la'asar na ga wani dattijo mai hawan jini ya ninke takardar gwajin da likita ya rubuta masa, ya cusa a aljihu, ya ce shi ba a haɗa jininsa da na kaza. Abin ya tsaya mini a rai.

Ba a sa wa kowa komai a jiki. Jini ake ɗiba a kwalba, a kai ɗakin gwaji, a haɗa shi da sinadarin garkuwa mai kamo abin da ake nema, kamar CRP mai nuna kumburi, ko sistatin C mai nuna aikin ƙoda, wanda hauhawarsa ke tafiya da haɗarin ciwon zuciya. An saba samo garkuwar daga zomo, akuya ko ɓera. To, su dangi ne na kusa a halitta, masu shayarwa irinmu. Jinin wasu mutane, musamman masu sanyin gaɓoɓi, yana ɗauke da sinadarin da ke manne wa garkuwar waɗannan dabbobi, sai na'ura ta ba da sakamakon ƙarya. Garkuwar kaza, wadda ake kira IgY, ba ta yarda da wannan mannewar. Kuma daga gwaiduwa ake tace ta, ba a yanka, ba a zuƙar jini. Tun 1893 wani likita Bajamushe, Felix Klemperer, ya nuna kaza na zuba garkuwarta a cikin ƙwai. Ina sabon makirci a nan?

Masu cewa mu bar wannan ga masu kuɗi, tunda ko na'urar auna hawan jini ba ta wadace mu ba, sun manta cewa sakamakon ƙarya talaka ya fi cuta, shi da ba shi da kuɗin maimaita gwaji.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe irin namu. Duk da haka mun tsaya tura saƙon murya. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami! A Bokle, nan bakin gari, LANAVET, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa, na haɗa rigakafin dabbobi shekara da shekaru. Cibiyar Pasteur mai gwaje-gwajen cututtuka na da reshe a Garwa, ga tsangayar koyon likitanci, ga masu kiwon kaji. Me zai hana su zauna wuri ɗaya su gwada tace garkuwar nan da kansu, maimakon jiran kowace kwalba daga Turai?

Kafin nan, likitoci su shiga gidajen rediyo su yi bayani da Hausa da Fulatanci. Dattijon nan har yau takardarsa na aljihu, bai je an ɗebi jinin ba.