Kun manta da maganar jarirai

Na karanta labarin nan da ya ce citta da zuma da lemon tsami suna kashe mura cikin kwana biyu. Malam marubuci, a nan kam ka zarce. Ƙwayoyin bairos ne ke kawo mura, iri sama da 200, kuma jiki ne ke yaƙarsu da kansa, yawanci cikin kwana 7 zuwa 10. Shi ya sa antibayotik ma ba ya yi mata komai, tunda ba ya kashe bairos. Aikin zuma dai lafar da tari ne, ni ma nakan ba yarana cokali guda da dare su samu barci.

Amma don Allah, jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, ko ɗigo kada a lasa masa. Zuma kan ɗauki ƙwayar botulizim, mai saki jikin yaro har numfashi ya gagare shi.

Sirace kuma, hattara. 'Yata ta taɓa ture kwanon tafasasshen ruwa tana lulluɓe da tawul, tabon yana cinyarta har yau. Ni yanzu ruwan gishiri mai ɗumi nake kurkure maƙogwaro da shi, in sha ruwa sosai, in kwanta.