Wa Ya Roƙe Ku Ku Gyara Mana Manhajar Imel?

Ranar wata Litinin na buɗe shagona da ke unguwar Jekadafari a garin Gombe, na tayar da janareta saboda tun daren Lahadi babu wuta, na kunna kwamfuta. Manhajar imel ɗin da nake aiki da ita tun 2007 ba ita ce ta buɗe ba. Wata aba ce fara fat, rubutunta ƙanana, tana yi mini maraba wai an kawo mini sabon salo. Ban nema ba, ba a kuma tambaye ni ba. Ashe ranar Asabar, kafin in tashi, kwamfutar ta sabunta kanta. Raina ya ɓaci a ranar, har yau kuma bai huce ba.

Buga takardu da aika saƙo su ne sana'ata. Ɗalibai masu rajistar JAMB, 'yan bautar ƙasa, 'yan kwangila masu tura takardun neman aiki, dillalan Tudun Hatsi masu jiran rasit daga Legas, da tsofaffin ma'aikata da ba su da wayar zamani, duk ta akwatina wasiƙunsu ke wucewa. Kowanne na buɗe masa folda da sunansa. Hannuna ya san hanya, ko ban kalli allo ba zan danna maɓallai biyu in kai inda nake so. Yanzu an sauya wa maɓallan aiki. An cire kalmomin da ke jikin madannai, an bar 'yan zane-zane da sai ka ɗora linzami a kai kafin ka san na mene ne. Akwai wanda na zaci na gogewa ne, ashe na ɓoye saƙo ne a wani lungu. Ga talla da aka yi wa siffar wasiƙa aka ajiye a saman layi, sau nawa yaron shagona yana danna ta yana zaton saƙon kwastoma ne.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne an kashe aiki ba tare da intanet ba.

Tsohuwar manhajar tana da tsarin da ake kira POP, wanda ke sauko da wasiƙu gaba ɗaya su zauna a cikin kwamfutarka. Bayan asuba, lokacin da sabis ke da ƙarfi, sai in jawo komai cikin 'yan mintoci in kashe data. Da rana in karanta, in buga wa mai ita, in rubuta amsa, amsar ta zauna a akwatin fita har sabis ya dawo ta tafi da kanta. Sabuwar kuwa komai nata yana can a rumbun kamfanin a ƙetare. Wasiƙar da na karanta da safe, in zan sake buɗe ta da azahar sai an sake ɗauko ta daga can. In sabis ya yi rauni, wani ɗan da'ira ne zai yi ta juyawa a allo, kwastoma na tsaye a kaina, janareta na shan mai. Man nan kuwa tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 bai sake yin araha ba, a ƙarshen 2024 lita har ta haura naira 1,000. A Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. To a wannan hali ne wani ya zauna a ofis mai sanyi, inda wuta ba ta ko ƙiftawa, ya yanke cewa kowa a duniya yana kwana da intanet ya tashi da ita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba wanda ya leƙo namu ɗakin.

Ranar Larabar makon, malamin da ya koyar da ni a firamare ya taso tun daga Kumo. Ya haura shekara saba'in. Wata wasiƙa yake nema ta 2019, wadda aka turo masa ta akwatina lokacin wata tantancewar 'yan fansho, an ce ya kawo kwafinta. Na san tana nan, ni na ajiye ta da hannuna a foldarsa. Na duba, babu foldar. Ba tasa kaɗai ba, duk ma'ajiyar da na tara a cikin kwamfutar shekara da shekaru, sabuwar manhajar ba ta san da ita ba. Fayil ɗin yana nan a kwance, ita ce ba ta iya buɗe shi. Na yi awa biyu ina fama, gumi na keto mini.

Ya ce, "Ɗana, ko dai ta ɓata ne? Ka faɗa mini gaskiya, ba komai."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ta ɓata ba. Ka ba ni kwana biyu."

Ya miƙe a hankali ya ce Allah ya yi albarka, ya nufi tasha. Dattijon da ya koya mini riƙon fensir ya biya kuɗin mota zuwa da komawa a banza, zai kuma sake biya, don kawai wasu sun ga dama sun sauya abin da yake aiki lafiya lau. Wallahi kunyar da na ji a ranar ba zan manta da ita ba.

Yarona yana cewa, "Oga, ka yi haƙuri, za ka saba." Na gaya masa ba sabo ne matsalata ba. Na fara aiki da faifan filofi, na koma CD, na koma filashi, ban taɓa ƙorafi ba, domin kowane sauyi ya rage mini wahala. Ko a wannan ma ba zan ƙi gaskiya ba, damar janye saƙo cikin 'yan daƙiƙu bayan an aika abu ne mai amfani. Amma don a ba ni wannan sai an ƙwace mini ma'ajiyata? Garin neman gira an rasa ido ke nan. Tun 1971, da injiniya Ray Tomlinson ya fara aika saƙo tsakanin kwamfuta biyu a Amurka da alamar @, buƙatar mai imel ba ta wuce ya san wa ya aiko, me ya ce, yaushe, kuma in ya koma nema ya samu ba. Sabuwar ma sai ta dunƙule wasiƙu goma a layi ɗaya wai hira ce, rasit ɗin ɗan kasuwa ya shige tsakiya. Ita ce kuma ke zaɓa mini wanne saƙo ne muhimmi. Ta ina ta san darajar takardar fanshon mutumin Kumo?

Na rubuta musu ƙorafi sau uku. Amsa iri ɗaya ce ke dawowa cikin daƙiƙa, da Turanci, wai sun gode da ra'ayina. Na'ura ce ta amsa, ba mutum ba. Akwai wani ɗan maɓalli na komawa tsohuwar, in na danna sai ta yi kwana biyu ta sake juyewa da kanta. Abokan sana'ata a Bolari da Pantami kukansu ɗaya da nawa, wani ma ya ce mini ya koma buga kowace wasiƙa a takarda yana cusawa a fayil kamar zamanin da.

Wasiƙar Malam dai na samo ta. Wata tsohuwar laftof na zaro daga ƙarƙashin kanta, na kwashe ma'ajiyar a filashi na zuba mata, tsohuwar manhajar ta buɗe ta nan take, ba intanet ba komai. Ranar Juma'a ya dawo na miƙa masa, na kuma roƙe shi ya karɓi kuɗin motarsa, da ƙyar ya yarda. Laftof ɗin yanzu tana kan teburina, na manna mata takarda da jan biro: kada wanda ya haɗa ta da intanet.