Wa ya ba Tyler Skaggs ƙwayar?

Ranar 1 ga Yulin 2019 aka tsinci gawar Tyler Skaggs a ɗakin otal a garin Southlake da ke jihar Texas ta Amurka. Shekarunsa 27, mai jefa ƙwallo ne a ƙungiyar besbol ta Los Angeles Angels, sun je can ne don wasa da Texas Rangers. Likitoci sun samu oksikodon da fentanil, ƙwayoyi masu ƙarfi na kashe zafin ciwo, da kuma giya a jikinsa, amai ne ya shaƙe shi.

Da an ji irin wannan, sai ka ji ana cewa, "Ai shi ya jawo wa kansa, wa ya ɗura masa?" Ni ma ban wanke shi ba, baligi ne mai hankali. Amma a tsaya a ji wanda ya miƙa masa ƙwayar. Eric Kay ne, daraktan hulɗa da 'yan jarida na ƙungiyar, mai cin albashinta, mai shiga jirgi ɗaya da 'yan wasa. A 2022 kotu ta same shi da laifi, ta yanke masa shekara 22 a gidan yari. A wannan shari'ar, Matt Harvey da C.J. Cron da wasu tsofaffin 'yan wasan ƙungiyar sun tsaya gaban alƙali sun ce su ma Kay ya taɓa ba su ƙwayoyi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, shi kansa Kay ɗin yana fama da wannan ciwo. A watan Afrilun 2019 sai da aka kwantar da shi a asibiti, ya shiga jinyar rabuwa da ƙwaya, ya dawo bakin aiki, sannan aka tafi da shi Texas tare da 'yan wasa. Ƙungiyar ta ce ba ta san yana raba wa kowa komai ba. To, ko da mun yarda da hakan, wannan rashin sanin ai sakaci ne. Ƙungiyar da ke auna gudun kowace ƙwallon da yaro ya jefa, take ƙirga jifansa ɗaya bayan ɗaya, ita ce za ta kasa lura da abin da ke yawo a ɗakin canza kaya?

Sannan a dubi aikin kansa. Wasa 162 a cikin kusan wata shida, yau kana wannan gari, gobe kana wancan. Skaggs an yi masa tiyata a gwiwar hannu a 2014, bai buga ko wasa ɗaya ba a 2015. Wanda ya san cewa idan ya ce hannunsa na ciwo akwai matasa a layi suna jiran gurbinsa, shiru zai yi ya nemi abin da zai kashe zafin. Mai gidan da ya tsara aiki haka, yake kwasar riba daga jikin mutum, yana da kaso a cikin abin da jikin ya koma.

Kuma ba yau aka fara ba. A shari'ar hodar iblis da aka yi a birnin Pittsburgh a 1985, manyan 'yan wasan besbol sun ba da shaida. Ƙwayoyin hana barci kuwa shekara da shekaru ana haɗiyarsu kafin wasa, sai a 2006 aka fara gwaji a kansu.

Ranar 12 ga Yulin 2019, a wasansu na farko a gida bayan rasuwar, duk 'yan wasan Angels sun sa riga mai lamba 45, lambar Skaggs. Mahaifiyarsa Debbie ce ta yi jifan farko. Suka ci Seattle 13 da nema, aka tashi suka cire rigunan suka shimfiɗa su a kan tudun da yake tsayawa. Wallahi abin ya taɓa ni. Sai dai a wannan daren, 'yan wasan babbar gasar besbol ta Amurka ba a yi musu gwajin irin ƙwayar da ta kashe shi. Sai a watan Disamba hukumar gasar da ƙungiyar 'yan wasa suka amince a fara, kuma wanda aka samu a kai shi jinya kafin a yi maganar hukunci. Wata biyar ke nan bayan rasuwarsa.